Mutaru Mai Juya Baya

A Aboabo ta Tamale, zamanin Turawa, an yi wani mutum mai suna Mutaru. Saƙar tabarma ce sana'arsa, ita ma ba wani gwaninta ba ne. Abin da aka san shi da shi dai juya baya ne.

Idan Sallah ta matso, magidantan unguwa sukan haɗu su sayi sa guda, a yanka, a kasa naman kashi-kashi. Watanda ke nan. Komai adalcin mai kasawa, wani kashin sai ya fi wani, musamman wanda hanta ta faɗa ciki, domin a can ba a yayyanka ta. Saboda haka sai a sa mutum ɗaya ya fuskanci bango. Wani ya nuna kashi da sanda ya ce, "Na wa?" Shi kuma ya kira sunan da ya zo bakinsa. Mutaru ne ke fuskantar bangon nan tun yana saurayi, don an tabbata ba shi da wayon da zai cuci kowa. Idan wanda ya tashi da ƙashi ya fara ƙorafi, amsarsa ɗaya ce: "Rabonka ne, ni ban gani ba." Yana ji da wannan matsayi ƙwarai, kusan shi ne kaɗai abin da ya mallaka.

A shekarun yaƙin duniya aka riƙa kora shanu kudu, nama ya yi wuya a gari. A lokacin ne matarsa Adizatu ta haihu, ta zubar da jini da yawa, har ba ta iya ɗaga kai. Ungozoma ta ce a nemo mata hanta. Mutaru ya zaga mahauta bai samu ba, ya tsorata sosai.

Seidu, maƙwabcinsa, shi ke riƙe sandar watanda a shekarar. Ya ja shi gefe ya ce, "Idan na zo kan hantar, zan yi tari."

Mutaru bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar watanda ya fuskanci bango kamar kullum. Ya kira Andani, ya kira Osman. Sai Seidu ya yi wani irin tari da ko kurma zai gane na ƙarya ne, ya ce, "Na wa?"

Can Mutaru ya ce, "Na Mutaru."

Ya naɗe kashinsa a ganye ya tafi gida. Adizatu ta ci hanta, bayan kwanaki ta miƙe. Ko hantar ce, ko kwananta ne bai ƙare ba, ban sani ba, ungozomar ma ba ta sani ba.

Da shekara ta zagayo, wani aka sa ya fuskanci bango. Ba a yi wa Mutaru bayani ba, shi ma bai nema ba. Daga nan har tsufansa cikin taro yake tsayawa, ya karɓi abin da aka kira masa, yawanci ƙashi da jijiya.

Adizatu ba ta taɓa jin labarin ba. Duk shekara takan buɗe ganyen ta yi tsaki ta ce, "Malam, kai dai sau ɗaya ka taɓa yin sa'a a duniya."

Yakan ce, "Haka ne," ya jawo tabarmarsa ya ci gaba da saƙa.