Motar da Baba Bai Yi wa Shaida Ba

Ina tsakar gida a Kura ina tsince shinkafa Yaya Habu ya kira ni. Bai ko yi sallama ba, ya ce, "Hajara, sai haƙuri, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in isa Bunkure har an yi masa wanka.

Mahaifinmu, Malam Garba Direba, ya yi rayuwarsa ne yana ɗaukar kwandunan tumatir daga bakin kanal zuwa kasuwa a cikin motarsa akori-kura. Duk mai son sayen mota a yankinmu sai ya biyo ta zaurensa, kuma da yawa sun fita suna gunaguni, don Baba ba ya yabon motar da bai daɗe da ita ba. Yakan ce, "Ba a tambayar ango halin amarya." A wurinsa ba ka san mota ba sai ta ci taɓon damina biyu ko uku a hannunka, ta mutu maka da kaya a tsakiyar rana tumatir yana narkewa, ka zaga neman kayan gyaranta ka ga ko ana samu. Tsohuwar motarsa kuwa, in ka tambaye shi, da aibinta yake farawa.

Bara ya sayi wata. Rani ɗaya kawai ta yi masa kafin ciwo ya kwantar da shi. Na tambaye shi yadda take, ya ce, "Ban san ta ba tukuna, 'yar nan. Birkinta ma bai kwanta min ba in an loda ta."

To, ba a yi addu'ar bakwai ba aka turo min bidiyo a waya. Wani dillali ne tsaye a ƙofar gidanmu, tabarmin masu gaisuwa na bayansa, yana dukan motar da tafin hannu. Wai marigayi ya daɗe da ita, wai da bakinsa ya ce bai taɓa riƙe mai lafiyarta ba. Mutumin da ya ƙi yi wa ƙarfe shaidar zur yana raye, shi za a sa ya yi ta yana kabari?

Na samu Yaya Habu a zaure, na ce, "Yaya, da saninka aka yi wannan?"

Ya ce, "Hajara, dole a sayar a raba gado. Maganar kasuwa ce kawai."

Na ce, "A sayar mana. Amma wanda zai saya ba motar yake saye ba, maganar Baba yake saye. In ya loda ta birki ya ƙi, sunan wa za a kira?"

Har yau bidiyon yana yawo, shi ya sa na rubuta wannan. Duk wanda ya gan shi ya sani, Malam Garba bai yi wa motar nan shaida ba. Mai so ya kai ta wurin makanike, ya fara da birki.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Inna da ƙannenmu haƙuri. Mu kuma da ya bari, Allah Ya hana mu cin abinci da sunansa.