Maƙerin da Ya Auna Mai Keke Kafin Keke

Bakwai na safe ba ta taɓa samun shagon nan a rufe ba. Kafin masu facin taya na gefensa su gama hamma, mutumin ya share ƙofarsa, ya jera rodi da fayif gwargwadon kaurinsu, ya warware wayar injin walda ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe, ko ɓera ya taɓa ta. Sannan ya zauna kan wani tsohon rim na mota yana jiran abin da rana za ta kawo. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin hasken walda ya ci rabonsa a idanunsa, likita kuma ya ce ya isa.

Ba wanda zai kira taro saboda shi. To, tunda muna zamanin da ake tafa wa mai surutu a manta da mai aiki, bari a faɗi nasa a nan, ko sau ɗaya ne.

Sunan da kowa ya san shi da shi shi ne Sai-na-gani, kuma daga bakinsa ya samo shi. In ka je ka ce ya ƙera maka maratayin keke, irin wanda ake tsayar da keke a jikin bango kansa a sama don gareji ya sami fili, ba zai ce to ba, ba zai ce a'a ba. Cewa zai yi, "Sai na gani." Sai ya ga keken, ya ga faɗin tayarsa da nauyinsa, ya ga ko yana da murfin taya da kariyar ɗaukar kaya. Sai ya ga bangon, ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya ji ko bulo mai rami ne, wanda noti zai fita daga cikinsa kamar ruɓaɓɓen haƙori. In kuwa na bayan mota ne, sai ya kwanta ƙarƙashinta ya ga inda ƙarfe zai kama, da inda salansa ke huro zafi, kada ta gasa wa mutane taya. Matarsa takan ce ranar aurensu da aka tambaye shi ko amarya ta yi masa, cewa ya yi sai ya gani, kuma har yau, da jikoki bakwai, bai ba da amsa ba.

Masu gaggawa sun sha barin shagonsa da fushi su je kanti su sayo na cikin kwali. Da yawansu sun dawo da keke a kafaɗa da guntun bango a hannu. Bai taɓa ce wa kowa "ai na faɗa maka" ba. Amma aikin da ya sa ya cancanci a miƙe masa tsaye shi ne wanda ya yi wa wata ma'aikaciyar lafiya, shekara uku da suka wuce, kuma shaidu suna nan da ransu.

Akwai wani ƙaramin asibiti mai ma'aikatan allurar rigakafi biyar. Mota ke kai su inda titi ya ƙare, ta ajiye kowa a tasa mararrabar, mutum ya sauke kekensa, ya ɗaura akwatin sanyi na allura a kariya, ya kama hanyar da mota ba ta bi. A cikinsu akwai wadda ake kira Inna Ƙarama. Shekarunta hamsin da biyu a lokacin, tsawonta bai kai kafaɗar kowa ba, kuma ta yi shekara ashirin da ɗaya a kan sirdi. Iyayen da ke rufe wa wasu ƙofa, ita suke buɗe wa, domin yawancinsu ita ta yi musu allura suna goye.

Sai aka canja mota. Tsohuwar mai buɗaɗɗen baya ce, a zuba kekuna kawai. Sabuwar rufaffiya ce, ba wurin keke sai a rataye a bayanta. Sabon shugaban asibitin ya sayo maratayi daga kanti, mai ƙyalli, ƙugiyoyinsa can sama, sai mutum ya ɗaga keke ya wuce kansa kafin taya ta shiga. Ranar farko Inna Ƙarama ta ɗaga nata, ya rinjaye ta, ya dawo ya bugi kafaɗarta a gaban kowa.

Shugaban ba mugu ba ne. Yana dai cikin mutanen nan da in kaya bai dace da mutum ba, sai su ce mutumin ne ya lalace. Ya kira ta ofis ya ce, "Inna, ba ni da komai da ke a raina. Amma direba ba ɗan dako ba ne, kuma aikin fita na mai ƙarfi ne. Wanda bai iya ɗora kekensa ya sauke da kansa ba, ba ya cikin tawaga. Nan da Litinin, in ba ki iya ba, ki koma tebur ki riƙa rubuta kati."

Ran Laraba aka yi wannan magana. Ran Alhamis da hantsi direban motar, wani da ake kira Dogo, ɗan gwaggon Sai-na-gani ne kuma abokin wasansa, ya faka a ƙofar shagon.

"Kai, makaho," in ji Dogo tun bai sauko ba, "zo ka sauko mana da ƙugiyoyin nan ƙasa. Tsohuwa za ta rasa aikinta."

"Sai na gani."

"Ga mota, ga keke, me kuma za ka gani? Da wane idon ma?"

"Da idon da ya ga ranar da ka shiga gareji da kekuna a tsaye ka yi musu aski." Ya zagaya motar, ya durƙusa, ya auna daga ƙasa. "In na sauko da ƙugiya, tayar baya za ta riƙa sumbatar titi a kowane rami. Kafin ku isa ba keke, sai kayan gwangwan. Ina mai keken?"

"Mai keke kuma? Ita za ka yi wa walda?"

"Tuƙa mu tafi, jakin mota."

A garejin asibitin suka same ta ita kaɗai, tana gwada ɗaga keken da kafaɗa mai ciwo, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta dubi baƙon sama da ƙasa, ta ga tabon wuta a hannuwansa, ta gane ko wane ne.

"Malam, in tausayi ka kawo, mayar da abinka. Ina da shi a gida."

"Ban kawo ba, Malama. Alli na kawo." Ya miƙa mata. "Tsaya jikin bangon nan. Ɗaga hannunki iya inda ba ya ciwo, kada ki yi jarunta, ki ja layi."

Ta ja. Layin ya tsaya daidai ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa tef ya auna.

"To, nan ne sama," in ji shi. "Duk abin da ya wuce layin nan ba ruwanmu da shi. Yanzu in tambaye ki. Shekara nawa keken nan yana ɗaukar ki?"

"Wannan dai tara."

"Shi ne yau kike son rama masa? Abin da ke da ƙafa ai ba a goya shi. Matse birkin baya. Riƙe kan sosai. Ja da baya taku biyu."

Ta yi haka, tana harararsa. Keken ya tashi ya tsaya kan tayarsa ta baya kamar akuya ta ga ganye.

"Saki birki. Sa gwiwa a sirdi. Tura."

Keken ya gangara gabanta a tsaye, ba nauyin komai a kafaɗarta, har tayar gaba ta taɓa bango. Inna Ƙarama ta ce, "Shekara ashirin da ɗaya, ba wanda ya gaya mini."

"Ba wanda ya tambaye ki ina ke ciwo," in ji shi.

A nan bambancin yake, kuma a nan ya kamata masu sana'a su buɗe kunne. Wanda ya ƙera na kanti ya auna keke. Shugaba ya auna mota. Mutum ɗaya ne ya tuna cewa tsakanin keke da mota akwai ɗan Adam.

Kwana biyu bai karɓi aikin kowa ba. Ya ƙera maratayi mai gaɓa a gindi kamar gwiwa, wanda in an zare ƙusa ɗaya zai rusuna baya har ya sauko daidai layin allin nan. A maimakon ƙugiya ya lanƙwasa rodi ya yi wa kowace tayar gaba kwando, ta shiga ta zauna ba tare da an matse murfinta ba. Ya saɓa tsayinsu, ɗaya sama kaɗan ɗaya ƙasa kaɗan, don kada kawunan kekuna su riƙa faɗa da juna. Ya bar lamba da fitilun mota a fili. Ya ciro sandunan nan biyu masu iska da ke riƙe murfin but, wurin kaya na baya, daga wata matacciyar mota, ya ɗaura su, don su taya mutum tayar da maratayin bayan an yi lodi.

Ran Asabar aka gwada, aikin ya ƙi. Inna Ƙarama ta tura kekuna biyar suka shiga lafiya, amma da ta zo tayar da maratayin ya miƙe, ko motsi bai yi ba. Ta sa kafaɗa, ta cije leɓe, ta saki. Dogo ya miƙa hannu zai taya ta.

"Janye hannunka," in ji ta. "Ran Litinin kai za a tambaya?"

Ta zauna kan akwatin sanyi ta juya musu baya. Da wani maƙerin ne, da sai ya ce ƙarfinta ne ya gaza. Sai-na-gani ya cire hula ya sosa kai.

"Laifina ne, Malama. Na auna hannunki, na auna kekenki, ban auna biyar a haɗe ba. Ki ba ni gobe."

"In goben ta ƙi fa?"

"To, sai mu koma tebur tare. Ke ki rubuta kati, ni in riƙe miki biro."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Ran Lahadi ya sauya mazaunin sandunan, ya ƙara wani dogon mariƙi wanda ake dannawa ƙasa maimakon a tura sama, ta yadda nauyin jikin mutum ne zai yi aikin. Ya sa Dogo ya bi hanyar da ta fi kowace ramuka da kekuna biyar a baya, shi kuma ya durƙusa a kujerar ƙarshe yana kallonsu ta gilashi. Ko noti ɗaya bai saki ba. Daga nan ya wuce garejin asibitin ya kafa maratayai biyar a bango, duka a tsayin layin allin.

Litinin da safe ma'aikata suka taru a tsakar asibiti. Shugaba ya fito ya harɗe hannu. Sai-na-gani ya tsaya can bakin ƙofa, kamar wanda ya zo wucewa. Inna Ƙarama ta shiga gareji ta gangaro da kekenta daga bango, ta zare ƙusa, maratayi ya rusuna mata. Ta matse birki, ta ja da baya taku biyu, ta sa gwiwa, taya ta faɗa kwando. Ba ta tsaya nan ba. Ta bi na sauran huɗun ɗaya bayan ɗaya, masu su suna tsaye baki buɗe. Ta danna mariƙi, kekuna biyar suka miƙe tsaye a bayan mota, ta mayar da ƙusa, ta karkaɗe hannu.

Shugaba ya yi gyaran murya. "Amma Inna, wannan ai ba ɗagawa ba ce."

"Ranka ya daɗe, ɗorawa ka ce. Ban ji ka ce ɗagawa ba. Ko in sauke maka su ka sake gani?"

Wurin ya kaure da shewa. Dogo ya kwanta kan sitiyari yana danna hon. Shugaban ya dubi kekunan, ya dubi matar, kuma a faɗi gaskiya, ya san inda ake ajiye girman kai. "Shiga mota, Inna," in ji shi, "rana tana yi." Ko da aka waiga neman maƙerin a yi masa godiya, ya kama hanya, wai ya bar shago ba kowa.

To, yau ba inda za ka gudu, Sai-na-gani. Kai ne ka ƙi yanka ƙarfe sai ka ga wanda zai taɓa shi. Kai ne ka ce laifinka ne a gaban mace da direba, alhali kana da bakin da za ka ɗora wa wani. Guduma mai sanin inda take sauka! Ba ka yi karatun likita ba, ba ka taɓa riƙe sirinji ba, amma duk yaron da matar nan ta yi wa allura a shekara ukun nan, akwai waldarka a cikin lafiyarsa. Mun gode. Allah ya sanyaya maka idanun da ka ƙona don wasu, ya sa ka huta cikin jikokinka da mutunci.

Ku kuma masu sana'a, da masu sayen kaya a madadin wasu, da masu zama ofis suna yanke wa na ƙasa hukunci, ku ji da kyau. Kaya don mutum aka yi shi, ba a yi mutum don kaya ba. Kafin ku ce wane ya tsufa ko wance ta gaza, ku tashi daga kujera ku je ku ga abin da kuka ba su su yi aiki da shi. Da an bi ta kwali, da yau Inna Ƙarama tana bayan tebur tana lissafin ƙudaje. Ga ta can kuwa, shekara hamsin da biyar, ita ke fara sauka a mararraba, kuma duk sabon ma'aikacin da aka kawo, komai faɗin ƙirjinsa, wurinta ake tura shi ya koyi ɗora keke.