Jirgin da Na Zaɓa a Kan Tudu

Shekarun baya masu nisa, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Arewa, damina ta ƙi mu a Gwandu. Na leƙa rumbu na ga ba zai kai ni da maiɗakina da yaranmu rani ba. Wani abokina mutumin Kalgo, wanda muka yi karatun allo tare, ya ba ni shawara in sayi babban jirgin ruwa mai rumfa, in zauna ciki da iyalina kamar yadda masunta ke yi, mu riƙa kai albasa Yawuri. Sabo ya fi ƙarfina, sai na hannu. Na sayar da gonar da na gada, na tafi Kalgo.

Abokina ya kai ni wurin wani tsoho mai jirage biyu na sayarwa. Ɗaya yana kan tudu a rana, fes da shi, da rumfar zana, har da itacen da ake ɗaura zane in iska ta samu. Ɗayan yana nutse a gulbi, bakinsa kawai ake gani.

Tsohon ya ce, "Ga su nan, Malam. Ido naka ne."

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, wanda ya riga ya nutse zan zuba 'ya'yana ciki?" Na juya wajen abokina na ce, "Kai mi kag gani?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Wanda ranka ya kwanta da shi, Malam."

Ni ɗan tudu ne, iyakata da ruwa alwala. Ban san da gangan ake nutsar da jirgin kirki ba, don itacen ya sha ruwa ya kumbura kada ya tsage. Wanda aka bari a rana kuwa, an riga an fid da rai da shi. Na biya na tudun ina jin na yi wayo.

Muka loda albasa, maiɗakina ta jera tukwanenta ƙarƙashin rumfa tana murna. Ba mu ko wuce gonakin Kalgo ba ruwa ya fara ɓulɓulowa ta tsagogin da aka cusa wa tsumma. Tana kwarfar ruwa da ƙwarya, da goyo a bayanta, ta ce, "Malam, gonar baba ce fa nake zubarwa." Allah Ya taimaka muka kai gaɓa, ba a rasa rai ba. Albasa ta ruɓe.

Na koma wurin tsohon, ya ce, "Kai ka zaɓa, a gaban mutuminka." Ina nan Kalgo ina neman abin komawa gida, sai ga abokina yana tuƙa wancan jirgin da aka tsamo daga gulbi, iyalinsa a ciki. Ya ɗaga mini hannu.

Na koma Gwandu na zama ɗan ƙwadago. Har a gonar mahaifina na yi noman kuɗi.

Asara ƙaddara ce, tuni na sallama. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abokin nan nawa bai yi mini ƙarya ba. Shiru kawai ya yi, ya bar ni da dariyata.

Bayan mun tsufa ya kwanta ciwo, ya aiko a kira ni. Na same shi ya rame ƙwarai. Ya ce, "Malam, na san jirgin nan ya bushe."

Na ce, "Na san ka sani."

"Ka yafe mini, kada in tafi da shi."

Ni ma mai neman gafarar Ubangiji ne, ban da ikon hana wani. Na ce, "Na yafe, duniya da lahira."

Matarsa ta kawo mini fura. Na yi godiya, na sa takalmina, ban sha ba.