Igiyar da Malama Falmata Ta Bar Mana

Muna kan layi da safiyar Litinin shugabar makaranta ta sanar da mu cewa Malama Falmata, mai koya mana Fiziks, ta rasu bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban yi kuka a wurin ba, sai da na shiga aji na ga kwalin kayan gwajinta a kan tebur.

Ni ba mai magana ba ce a aji. Ranar da ta ce mana haske tafiyar igiya yake yi, igiyar guga na zana a littafina, har da ƙulli. Ta duba, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma bar kowa ta yi ba. Ta ce laifin kalmar ne, igiyar ruwa take nufi. Ranar Asabar ta kai mu bakin kogin Haɗeja, inda masunta ke shanya taru. Dutse ba ya samuwa a fadama, sai ta ba ni hoge biyu ta ce in jefa tare. Zobban ruwa suka faɗaɗa suka shiga juna. Wani wuri ruwan ya ƙara tashi, wani wuri ya kwanta. Wani tsohon masunci ya tambaye ta ko kifin ma karatu za ta koya wa, ta ce sai ya kawo littafinsa.

Da muka koma aji ta shafa wa gilashi baƙin hayaƙin kyandir, ta ja siraran layi biyu da reza, ta haska ɗan tocilan mai jan haske. Sai ga ratsi-ratsi a bango, ja da duhu. Ta ce, "Haske ya haɗu da haske ya haifi duhu. Kada ku yarda don na faɗa. Hauwa, zo ki ƙirga." Na ƙirga.

Kwana uku da rasuwarta mataimakin shugaba ya shigo ya ce tunda babu malami, mu shida da muke ɗaukar Fiziks za mu bar darasin, dama ta yi wa mata nauyi, kwalin kuma a kai sito. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Malam, ka yi haƙuri. Kwalin nan ba zai fita ba, mu ma haka."

Mun rubuta takardar neman malami, kowacce ta sa hannu. Kafin ya zo, duk Laraba mukan rufe tagogi, mu haska, mu ƙirga. Jarrabawar Fiziks ta ƙarshen sakandare za mu rubuta ta, insha Allahu.

Allah Ya jiƙan Malama, Ya haskaka kabarinta. Ya ba mahaifiyarta da maigidanta haƙuri, Ya raya yaranta biyu. Mu kuma kada Ya bari mu saki igiyar.