Rumfar Yaya Laraba Ba Ta Rufe Ba

A wannan watan ne Yaya Laraba ta cika shekara bakwai da barin duniya. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye, domin duk abin da na fara yakan fito kamar ta'aziyya, ita kuwa muryar makoki ba ta dace da ita ba. Bana dai na zauna, kuma cikin murna nake rubutun nan. Amma bari in fara gaya wa mai karatu ko wace ce ita.

A masaƙa na san ta, a Kakuri, zamanin da jiniyar safe ke tashin rabin gari. Ni ina sashen saƙa, ita tana sashen zane, inda ake fitar da furanni da tsuntsayen da ake bugawa a jikin atamfa. Mutuniyar Filato ce, Kirista, ta girme ni da shekara shida. Ni kuwa a Makera aka haife ni, iyayena daga Zariya suka zo. Kwanon abincin rana ne ya haɗa mu. Tun daga nan nake ce mata Yaya, ita kuma take ce mini Binta, har bayan na sauke farali kowa ya koma kirana Hajiya.

Da masaƙar ta tsaya, kowa ya kama gabansa. Wasu suka koma garuruwansu, wasu suka shiga acaɓa, ni na sayi keken ɗinki. Wata rana na je gaishe ta a gidansu da ke Unguwar Boro, sai na tarar ta zazzage buhun ƙyallaye a tsakar gida, ta dama sitaci a roba, tana manna ƙyalle a jikin wani babban kwali. Ga guntayen jarida, ga zaren buhu, ga marafan kwalba da ta bubbuge suka baje. Ta shafa gam ta yayyafa yashin kogi a kai, sannan ta bi wasu wuraren da fenti. A raina na ce zaman gida ya fara taɓa Yaya. Can ta ɗaga kwalin ta jingina shi da bango, ta ce in ja da baya in duba. Ƙofar masaƙarmu ce, mata suna fitowa bayan an tashi aiki, kowace da irin ɗaurin kallabinta. Na gane kaina a cikinsu, da guntun atamfar da na fi yawan sawa.

"Shekara ashirin ina zana abin da aka ce in zana," in ji ta. "Yanzu nawa zan yi."

Ta kafa wa kanta doka. Kullum da safe bayan ta yi addu'a, kafin ta hura wuta, sai ta manna wani abu, ko da faɗin tafin hannu ne. Ba ta jiran sai ranta ya so. Maƙwabta suka fara leƙowa, daga leƙe sai zama, daga zama sai sa hannu. Kafin shekara ta zagayo an kafa rumfar kwano a bayan gidan, kuma duk Asabar da ƙarfe goma ana aji. Akwai malaman firamare, akwai wani tsohon direban tanka, akwai matan aure, akwai Madam Doose, 'yar Binuwai mai sayar da bandar kifi a kasuwar Sabon Tasha, wadda takan bar wa ƙanwarta tebur a ranar da aka fi ciniki don kada ajin ya wuce ta. Darasin farko ga duk sabon zuwa ɗaya ne: fita titi ka tsinto abubuwa biyar da aka yar, ka dawo ka gaya mana me ya sa ka zaɓe su.

Ni aikina kawo kaya. Duk mako nakan tara ragowar ɗinkina da na telolin layinmu, in hau bas biyu in kai mata, in samu benci a gefe ina shan kunu ina kallo. Idan ta miƙo mini buroshi sai in ce ni tela ce, a bar ni da allurata. Shekara huɗu ina wannan zaman gefe.

Sai ciwon suga ya taɓa idonta. Da farko tana matso da aikin kusa da fuska, daga baya ko fuskar mutum ba ta rarrabewa sai ya yi magana. Mijinta, Baba Istifanus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce a rufe rumfar ta huta, kuma ba laifinsa ba ne, domin sau biyu tana yanke yatsa da almakashi. Ta ƙi. Abin da ta yi shi ne ta sauya kayan aiki. Ta koma ga abubuwan da hannu ke ganewa: buhun garara, igiya, ɓawon gyaɗa, fasasshiyar ƙwarya, maɓallai, wayar ƙarfe. Ayyukanta na wannan lokacin sun fi na da ƙarfi, kowa ya shaida. Abin da ya gagare ta shi ne launi, da duba aikin ɗalibai. Sai ta ce, "Binta, matso da bencinki. Daga yau ke ce idona."

Haka muka ci gaba. Ɗalibi ya kawo aikinsa, ita ta shafa, ni in faɗa mata launukan da yadda suka zauna. Wata Asabar Madam Doose ta kawo wani aiki da ta kwashe mako uku a kansa. Gaskiya ya caɓe, ta cika fenti har launukan suka koma kamar ruwan kwata. Na dubi fuskarta cike da ɗoki, na ce ya yi kyau. Yaya Laraba ta bi kwalin da tafin hannu daga sama har ƙasa, ta ji yadda fentin ya danne komai, ta juyo inda muryata take.

"Kunyarta kika ji. In za ki ara mini ido, ara mini na gaskiya, in ba haka ba mu duka biyu kike cuta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sake duba aikin na faɗi abin da na gani, ɗaya bayan ɗaya. Madam Doose ta ɗauki wuƙa ta fara kankare fentin. A ranar ne kuma Yaya ta laluba ta kamo hannuna ta danƙa mini almakashi, ta ce wanda bai taɓa ɓata nasa aikin ba, ba shi da bakin gyara na wani. Ina da shekara hamsin da ɗoriya na manna ƙyallena na farko.

Damina biyu bayan haka ta rasu, aka kai ta ƙauyensu aka binne. Baba Istifanus ya sa wa rumfar kwaɗo. Ni ma na sa wa kaina, domin wata biyar ban taka Unguwar Boro ba, ragowar ɗinki kuwa na koma zubarwa a shara. Na ɗauka an gama.

Wata Asabar da hantsi ina kan keken ɗinki, sai na ji hayaniya a ƙofar gida. Keke mai ƙafa uku har guda uku sun tsaya, Madam Doose tana sauke bokitin sitaci, bayanta mutum shida da kwalaye a kai. Wanda ya san Kaduna ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A lokacin mutanen can ba su cika shiga lungunanmu ba sai da dalili mai ƙarfi, mu ma haka muke da nasu.

"Hajiya, mun zo aji," in ji ta.

Na ce ni ba malama ba ce.

"To wa zai riƙa gaya mana gaskiya?"

Na ture keken gefe, muka shimfiɗa tabarmi. Matan layinmu suka fara leƙowa ta katanga kamar yadda na Unguwar Boro suka taɓa yi, kuma kafin azahar biyu daga cikinsu sun tsoma hannu a sitaci. Da labari ya kai wa Baba Istifanus, sai ya aiko mini da makullin rumfar a ƙulle cikin hankici. Tun daga nan ajin ya zama gida biyu: Asabar ɗaya a Makera, ta gaba a Unguwar Boro.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi faɗa da 'yan matan da ke ɗaukar hoton aiki da waya tun gam bai bushe ba. Amma da an gaya mata cewa ta wannan wayar wani a Abuja ya ga aikin tsohon direbanmu ya aiko a kai masa, sai ta tashi ta taka rawa. Hotunan nan da na'ura ke fitarwa idan an rubuta mata kalma biyu, ina jin za ta saurari bayanin har ƙarshe, ta ce a miƙo mata ɗaya ta shafa. Ledar ruwa da ta cika magudanan gari za ta ɓata mata rai, sai dai ɗalibanmu sun gano yadda ake goge ta da dutsen guga a tsakanin takarda har ta zama kamar fata, ana yanka ta ana ɗinkawa. Wannan dabarar ba ta san ta ba, kuma ita ce za ta fi faranta mata rai, domin ba daga gare ta aka koya ba.

Makonni biyu da suka wuce muka yi baje kolinmu na farko, a zauren wata makaranta da aka ara mana a Sabon Tasha. Ba mu da kayan rataya, sai muka ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa taga, manyan ayyukan kuma muka jingina su a kan benci. A bakin ƙofa muka rubuta da manyan baƙaƙe: A TAƁA. Mutane suka shigo hannuwansu a baya, da suka karanta sai suka saki jiki. Na ga fasto da limamin unguwarmu sun sunkuya a gaban aiki ɗaya suna gardamar ko da ɓawon ƙwai aka yi gajimaren. Madam Doose ta kawo hoton kogin Kaduna mai tsawon ƙofar ɗaki, da ƙayar kifi da ɓawonsa da shuɗin ƙyalle, kuma na duba shi da kyau ban sami abin gyarawa ba. Baba Istifanus ya zo cikin kwat da sandarsa, ya kafa kujera kusa da ayyukan matarsa, yana yi wa baƙi bayani kamar shi ya ƙirƙiro sana'ar. Har la'asar zauren bai yi sauƙi ba. Na koma gida ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dushe, ina ta dariya ni kaɗai a cikin bas.

Ayyukanta huɗu kawai muka iya nunawa, domin su ne suka rage. Gara da kyankyasai suna son sitaci, danshin damina kuma ba ya barin kwali. A da wannan yana damuna ƙwarai. Yanzu na fahimci ita kanta ba ta taɓa yin aiki don ya daɗe ba, shi ya sa ta zaɓi abin da aka riga aka yar. Abin da ta bari shi ne mutane da ba sa iya wuce guntun igiya a titi ba su sunkuya ba, da unguwanni biyu da suka san hanyar gidan juna, da tela guda da ta koyi faɗin gaskiya a gaban mai ita.

Asabar ɗin da ta wuce rumfar ta kasa ɗaukar mu, sai da aka aro benci daga maƙwabta saboda sababbin da suka biyo mu daga baje kolin. Wata matashiya ma'aikaciyar jinya daga Unguwar Mu'azu, da ta dawo daga titi da abubuwanta biyar a leda, ta ji muna ta cewa Yaya ta ce kaza, Yaya ta ce kaza. Ta matso kusa da ni ta ce, "Hajiya, wace ce wannan Yayar? Za ta zo yau?"

Na buɗe baki zan fara daga masaƙa, sai na lura sitacin da ke gabanta ya soma yin fata.

"Zauna, 'yata," na ce. "Sa hannu kafin ya bushe. Zan ba ki labarinta muna yi."