Ranar da Muka Kama wa Ma'auni Wuri

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, na'urori masu faɗin ƙwaƙwalwa kuka tarar, ba ku san ƙunci ba. Mu kuwa tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, guda gare mu a buron ƙungiyar manoma a Gidan Rumji, ita ke aika wa ƙauyuka saƙon hasashen ruwan sama, ga ta da nauyin aiki, saƙo sai ya makara. Har gobe ban manta ranar da direkta ya leƙo ya ce, "Alhaji, in ba ta bar nauyin nan ba kafin shuka, Maradi za a mai da aikin, a rufe ɗakinku."

A jikin na'urar akwai ma'auni mai lura da kowane motsinta, shi ne zai nuna abin da ke cinye mata ƙarfi. Amma ba ya aiki sai noyo, wato jigon tsarin da ke raba wuri a ƙwaƙwalwa, ya ba shi fili guda a haɗe inda zai zuba bayanansa. Tamu ta yi watanni ba a kashe ta ba, filin duk ya yayyanke kamar gonar gado. Sau uku ina roƙo, sau uku noyo yana hanawa.

Na yi aiki a Abijan da Liyon. A Liyon, da sabuwar ƙwaƙwalwa za a sayo. A Abijan na koyi rarraba bayanan a ƙananan gurabu, amma ma'aunin namu tsohon yayi ne, bai iya tsallake daga gurbi zuwa gurbi ba.

Zuwaira, abokiyar aikina, ɗiyar wani mai hatsi, ta yi dariya. "Kawu, duk yawon duniyar nan ba ka taɓa zuwa kasuwarmu da asuba ba? Babana tun da duhu-duhu yake shimfiɗa buhunan wofi ya kama wuri. Wanda ya zo da hantsi, sai raɓe-raɓe."

Na ce, "Ai filin da aka kama, sauran ayyuka sun rasa shi ke nan."

"Kama daidai tabarmarka mana. Wa ya ce kasuwar duka?"

Muka kashe na'urar, muka umarci noyo ya keɓe ɗan fili tun tana tashi, kafin kowa ya shigo. Da muka sake kunna ta, ma'auni ya zauna daram. Kafin azahar ya nuna mana ɓarawon: wani aiki ne ke sake karanta sunayen ƙauyuka kaf duk lokacin da za a aika saƙo ɗaya. Muka gyara. Manoman Sae Sabuwa suka samu saƙonsu kafin ruwan shuka, direkta kuma ya aiko mana da tsire har da yaji.

Ranar na koyi tambayar na kusa kafin in tuna na nesa. Ba a rufe ɗakin ba, Zuwaira ke riƙe da shi yau, kuma duk na'urar da ta shigo buron nan, tun tashinta ake kama wa ma'auni wuri.