Gida Arba'in da Biyu na Issawane

Gazali ɗa ne ga Rabo mai haƙa rijiya, daga Kanan-Bakashe. Ya yi lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, ya karanta aikin ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, ya dawo Mayahi ya kama aiki a biron wata ƙungiyar makiyaya. Ya ce shekara ɗaya zai yi. Sai da ya yi biyar.

Ƙungiyar tana da manhajar da ke fitar da sunayen gidajen da za a ba dusa idan fari ya matsa. Mutanen wani furoje ne, wato shirin agaji na ƙasar waje, suka rubuta ta. Da soja suka karɓi mulki, mutanen furojen suka tattara komatsansu suka tafi, ko takardar bayani ba su bari ba. Bazarar da ta biyo, wani kamfani a Maradi ya kira Gazali aiki, ya ce ya iso kafin ƙarshen wata.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Mai Nasara, ya ce, "Tafi mana, ɗana, wa ya riƙe ka? Amma ka maido mini mutanen Issawane tukuna."

Laifin Gazali ne. Rijiya uku sun ƙafe a can, ya goge su daga manhajar, gida arba'in da biyu suka ɓace tare da su. A wannan yanki ba a tambayar makiyayi garinsu, sai rijiyar da yake shayarwa, kuma haka aka gina manhajar. Sashen gidaje ya dogara da na rijiyoyi, na rijiyoyi ya dogara da na masu su, shi kuma ya koma ya rataya a kan gidaje. Da ya gwada maido da rijiyoyin, sai manhajar ta ce a kai dusa bakinsu, inda babu kowa sai ungulu.

Ya sa wata manhaja ta zana masa yadda sassan suke riƙe da juna. Zanen ya fito kamar igiyar guga da awaki suka tattake. Wuta kuwa awa uku take zuwa a yini. Ya ware sunayen gidaje a wani ɗan sashe da bai dogara da komai ba, ya dinga kwance sauran ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kwance ya gwada, sai biyu su lalace.

"Ubanka gaba talatin yake nutsewa da hannu," in ji Alhaji, "kai yatsa kawai aka ce ka motsa."

"Alhaji, shi ya san wanda ya fara ramin."

Ran huɗu ga sabon wata sunayen suka fito cif, dusa ta bi mutanen inda suka koma. Gazali ya kira Maradi, aka ce an ɗauki wani tun shekaranjiya.

Alhaji ya karanta takardar sunayen har ƙasa, ya ninke ta. "Madalla. Tunda kana nan, sashen allurar dabbobi ma ya ƙi buɗewa."

Gazali ya jawo kujera ya zauna jiran wuta.